Daga get zuwa bakin ƙofa: littafin aikin farfajiyarmu

9 ga Fabrairu

Yau na ɗauki tef na auna filin da ke tsakanin bangon gida da katangar bakin titi: mita 9 a faɗi, mita 7 daga bango zuwa get. Shekara huɗu muna ratsa shi safe da yamma ban taɓa sanin girmansa ba. Abin da na sani kawai, da rani ƙura, da damina caɓi, kuma duk baƙon da ya zo bayan an ɗauke ruwa sai ya tattare riga ya yi ta tsallake-tsallake kafin ya kai matakala.

Na zauna na rubuta hidimomin da filin nan yake yi mana, ko mun so ko mun ƙi. Mota a nan take kwana. Durom ɗin shara a nan yake. Yara a nan suke yar da kekuna. Inna tana son zama da la'asar ta sha iska, amma sai an jawo mata kujerar roba kullum. Da na gama, na ciro zanen da na yi tun bara, mai koriyar ciyawa shar a tsakiya da hanya mai lanƙwasa kamar ta lambun otal. Ko ɗaya daga cikin waɗannan hidimomi babu a ciki. Inda durom zai zauna ma ban bari ba. Na naɗe zanen na mayar da shi aljihun tebur.

17 ga Fabrairu

Makon jiya na bi filin da manjagara na baje shi sumul, na yayyafa ruwa, ban gaya wa kowa dalili ba. Kwana bakwai ina duba sawu. Babu wanda ya bi ta inda na zana hanyata. Kowa, har ni, daga ƙaramar ƙofar get yake yankowa a karkace zuwa matakala. Sai wani siririn sawu na biyu da ya tashi daga ƙofa zuwa kusurwar da durom yake, ya ratsa daidai wurin da na yi niyyar dasa furanni. Da na dasa, da wata ɗaya ba za su yi ba an tattake su, ni kuma in yi ta faɗa da mutanen gida a kan laifin da nawa ne.

Na kafa turaku a kan sawun nan biyu na ɗaura igiya. Hanyar ke nan.

24 ga Fabrairu

Ranar ruwa ce yau, ko da yake ko ɗigo bai sauka ba. Na samo dogon farin tiyo wanda ake hango ruwa ta cikinsa, na cika shi, na fitar da kumfar iska. Babban yarona ya riƙe baki ɗaya a jikin turken da ke gindin matakala, ni na zagaya da ɗayan. Ruwa a bakunan biyu kullum daidai yake tsayawa, don haka in ka auna daga saman ruwan zuwa ƙasa a wurare daban-daban za ka san inda yake tudu da inda yake kwari, ba sai da na'ura ba.

Sakamakon ya ba ni kunya. Tsakiyar filin, mita 3 daga bango, ta fi gindin bangon tudu da santimita 6. Wato duk shekarun nan ruwa gida yake nufa. Ga dalilin gansakukar da ke bin ƙasan bango, ga dalilin fentin falo da yake kumbura yana ɓarewa duk shekara muna zargin mai fenti. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce ƙasa ta gangara daga jikin gini da kamar santimita 15 a mita 3 na farko, in kuma daɓe ne, santimita 2 a kowace mita ta isa. Sa'ar da muka yi, bakin magudanar titi ya fi gindin bangonmu ƙasa da santimita 30, akwai inda ruwa zai tafi.

Da farko na ce a zuba ƙasa a gindin bango a ɗaga shi, shi ya fi sauƙi. Dattijon maginin da zai yi mana aikin ya durƙusa ya nuna mini layin ledar hana danshi da aka shimfiɗa a bangon lokacin gini. Ya ce, "Malam, tsakanin layin nan da ƙasa sai an bar akalla santimita 15. In ka rufe shi, danshi ya samu tsani ke nan." Na ce, "To Baba, mene ne abin yi?" Ya ce a sare tudun. Santimita 21 za a kwashe daga tsakiya.

Sai lissafin rufi. Ɓangaren da ke zubowa gaba ya kai murabba'in mita 60. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ke nan ruwa mai ɗan ƙarfi na milimita 25 zai sauko mana da lita 1,500 ta indararo biyu, a kan filin da bai fi murabba'in mita 63 ba. Na daɗe ina kallon lambar nan.

3 ga Maris

Gwajin ƙasa. Na zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, na cika da ruwa, na girgiza sosai na ajiye. Yashi ya kwanta cikin minti biyu, mai laushi kamar gari ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i, laka kuwa sai da ta kwana biyu ruwan bai gama washewa ba. Kusan rabi yashi ne. Na kuma haƙa rami mai zurfin santimita 30 a kusurwar dama ta wajen katanga, na cika shi ya tsotse, na sake cikawa na riƙa dubawa. Sa'a goma sha biyar ya ƙafe. Tunda bai kai kwana ɗaya ba, wurin zai iya shanye ruwan rufi.

15 ga Maris

An fara sara. Na daina ƙirga baro bayan na saba'in. Ƙasar sama, mai duhu, mun tara ta gefe guda don shuka. Jar ta ƙasa aka fitar.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya diga ta samu bututun ruwan da ya shigo daga titi. Zurfinsa ko taƙi ɗaya bai kai ba, kuma ba ta inda kowa ya zata ya bi ba. Kafin a gano inda ake kashewa, rabin filin ya zama tafki. Laifina ne, tun kafin a ɗaga diga ya kamata in bi sawun bututu da wayar wuta in sa musu alama. An gyara, an ƙara masa zurfi, na ɗauki hotonsa da tef a miƙe a gefe kafin a rufe. Wayar da ke kai wuta fitilar get mun tone ta da hannu a hankali muka zura ta cikin bututun roba.

29 ga Maris

Mun yi gardama da uwargida a kan ciyawa, ta kuma kayar da ni. Ni har yanzu raina yana kan koren fili. Ta ce, "Abban yara, wa zai ba ta ruwa?" Na ce ni. Ta yi dariya ta miƙo mini biro. Ciyawar ado tana shan kamar milimita 25 a mako, fiye da haka in zafi ya tsananta. Murabba'in mita 30 da nake so ke nan lita 750 duk mako, ban da yanka da cire haki. Kuma rabinta ƙarƙashin tayar keke za ta ƙare. Na haƙura.

Ga yadda muka raba filin. Hagu, wurin mota, mita 3 a faɗi da 5.5 a tsawo. Wurin ajiye mota na kasuwa yakan kasance kamar mita 2.4 a faɗi, amma a gida ana buɗe ƙofa a fito da kaya da jariri, sai an ƙara. Hanyar ƙafa mita 1.2, domin santimita 90 na mutum ɗaya ne, Inna kuwa ba ta tafiya sai da wani a gefenta. Dama, can wajen katanga, kwarin da zai sha ruwan rufi: mita 2 da mita 3, zurfin santimita 20, bakinsa na kusa mita 3.5 daga bango don kada abin da ya tsotsa ya koma wa harsashin gini. Zai ɗauki kusan lita 1,200. Indararo ɗaya kuma zai fara zuba a tanki mai lita 1,000, in ya cika rarar ta bi kwarin.

Durom ɗin shara ya samu ɗan lungu a bayan ginshiƙin get, da gajeren bango mai tsayin ƙirji da zai ɓoye shi daga ƙofa. A duk aikin nan babu abin da ya gyara ganin wurin da ƙaramin ƙoƙari kamar wannan ɗan bango.

12 ga Afrilu

Matakala. Tsohuwar hawa biyu ce, ɗaya santimita 26, ɗaya 19. Ashe shi ya sa kowa ke tuntuɓe a ta biyu: ƙafa tana auna hawan farko ta ɗauka na gaba ma haka yake. Akwai wani lissafi da ake jingina wa François Blondel, masanin gini na Faransa a ƙarni na 17, cewa tsayin hawa sau biyu a haɗa da faɗin wurin taka ƙafa ya zo daidai da takun mutum, wajen santimita 63. Tsayinmu duka santimita 45 ne, muka raba uku, 15 kowanne, wurin takawa 33. Baba bai taɓa jin sunan Blondel ba, amma da na faɗi lambobin ya ce ai haka yake yi shekara da shekaru.

Na so a yi gangara maimakon matakala saboda gwiwar Inna. Gangarar da keken marasa lafiya ke iya hawa, duk santimita ɗaya na tsayi yana cin 12 na tsawo, ke nan mita 5.4, kusan filin gaba ɗaya. Mun bar ta, amma na hana a gina komai a gefen bango na hagun ƙofa, ko wata rana za a buƙace ta a bi da ita ta nan. Yanzu dai ƙarfen dafawa za a sa.

27 ga Afrilu

An kawo intalok, bulon daɓen nan da ake jerawa. Na ce mai kaurin santimita 8 na wurin mota, mai 6 na hanyar ƙafa. Da aka sauke na auna, duka 6 ne. Wanda ya kawo ya rantse babu bambanci. Kwana huɗu muka yi kafin ya zo ya canza rabin.

Abin da ke ƙasa shi ne aikin, shi ne kuma ba wanda zai gani. Dakakken dutse santimita 10 a hanyar ƙafa, 20 a wurin mota, a daddaɓe, sannan yashi santimita 3 a baje da katako, sannan a jera. Wurin mota an yi masa jerin ƙayar kifi, kowane bulo ya ciji na kusa da shi ta yadda taya in ta murɗa ba za ta ture layi ba. Gefe-gefe an kafa bakin kankare, in babu shi jerin zai riƙa buɗewa a hankali. Kusurwa kuma da igiya muka fitar: mita 3 nan, 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5 ta miƙe.

Launi biyu kawai na yarda da su, ruwan toka da ja mai duhu a gefe. Mai jerin ya so ya yi mini tauraro a tsakiya da rawaya da kore. Na ba shi haƙuri.

10 ga Mayu

Zancen bishiya ya fi komai cin lokaci. Zuciyata dogon yaro take so, don inuwarsa. Amma bishiya ce da ke kai mita 15 ko fiye, saiwarta na tafiya nesa, filin kuwa mita 7 ne, ga bututu, ga intalok, ga katanga. Wanda ke ƙofar maƙwabcinmu ya riga ya ɗaga masa daɓe ya tsaga katanga, kullum ina gani. Na ɗauki firanjifani: ba ta girma can-can, saiwarta ba ta da ɓarna, furenta na ƙamshi da dare. Aibinta biyu, tana zubar da ganye da rani lokacin da aka fi son inuwa, kuma farin ruwan da ke fita in an karya reshe yana ƙaiƙayi, ba a so ya taɓa ido. Na gargaɗi yara. Inuwar dakalin Inna kuwa 'yar rumfa za a kafa.

Ramin na yi shi faɗin ƙullin saiwar sau uku, amma zurfinsa daidai da ƙullin, ban ƙara ba. Dashen da aka nutsar da wuyansa cikin ƙasa a hankali yake shaƙewa, sai bayan shekaru a rasa abin da ya kashe shi. Mita 4.5 take daga bango.

Sauran kaɗan ne, da gangan. Lalle a jere a bakin katanga, don yana jure fari, yana karɓar aski, ya zama shinge. Jema a gefen kwarin ruwa, tsakanin kowane tushe santimita 15, saboda saiwarta ƙasa take nutsawa ba gefe ba, tana riƙe baki kada ya zabge, kuma ba ta damu da a jiƙa ta yau a bar ta da ƙishi wata guda ba. Boganbiliya guda biyu a jikin katanga, nesa da hanya saboda ƙaya. Alobera a gindin taga inda ruwa ba ya kaiwa. Iri huɗu da bishiya ɗaya, ana maimaita su. Gidajen da na gani an sayo tukunya ɗaya-ɗaya ta kowane fure, daga nesa kamar wurin sayar da dashe suke.

A gindin bishiyar da kowace boganbiliya na binne tulu marar fenti har wuya, na rufe bakinsa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, ana cikawa bayan kwana huɗu ko biyar.

2 ga Yuni

Ruwan farko mai ƙarfi, da asuba. Na fita da lema da tocila kamar mai gadi. Gindin bango ko kwanciya ruwa bai yi ba. Tanki ya cika kafin a ɗauke, kwarin ya cika har baki, ya yi ambaliya ta inda ban shirya ba, ya kwashi ƙasar lalle guda uku ya watsa a kan hanya. Na yi wa ruwa mashiga na manta mafita. Da rana na sassare bakin kwarin ta wajen katanga, na yi masa ƙasa da sauran da santimita 5, na jera duwatsu zuwa rariyar da ke fita magudanar titi. Inda bututu ke zubowa ma na zuba manyan duwatsu, don ya fara haƙa rami.

Washegari da yamma kwarin ya ƙafe. Uwargida tana tsoron sauro. Sauro na buƙatar kamar mako guda a ruwa kafin ƙwai ya zama mai tashi, ruwan kwana ɗaya da rabi bai ishe shi ba. Inda hatsarin yake shi ne tanki, na ɗaure masa raga a mashiga da bakin rara.

21 ga Yuni

Aya-aya. Duk inda muka motsa ƙasa ta fito kamar an shuka ta. A ƙarƙashin tsakuwar da ke tsakanin hanya da kwari na shimfiɗa baƙar leda don hana haki, ta huda ta ta fito, ledar kuma ta hana ruwa nutsewa, tsakuwa ta zauna cikin ruwa. Na kwashe na yaye ledar gaba ɗaya. Aya-aya in ka tsinke ganyen ka bar 'ya'yan da ke ƙasa, aikin banza ka yi, sai an bi ta da wuƙa bayan ruwa an zaro su. Minti goma kowace safiya. Kiri-kiri ma na leƙowa daga gindin katanga.

14 ga Yuli

Intalok ya lotsa a daidai inda tayar baya ta dama ke tsayawa, kamar faɗin faranti, ruwa na kwanciya. Muka ɗaga. Wurin nan ne ramin gyaran bututu, an mayar da ƙasa lokaci guda aka daɓe sama kawai. Baba bai yi musu ba, ya ce, "Tun ran gini ran zane, Malam, wannan namu ne." An tone, an mayar kaɗan-kaɗan, kowane santimita 10 a jiƙa a daɓe, aka sake jera bulon nan dai. Da kankare muka zuba, da sai an fasa.

Ɓawon itacen da na baza a gindin shuke-shuke, kaurin santimita 6, ya riƙe danshi yadda ake so, amma na ga gara ta fara gini a wanda ya kusanci bango. Na janye shi, taku biyu daga bango duk tsakuwa ce yanzu. Na kuma buɗe wuyan bishiya, don yara sun tara mata shi kamar tsibi.

9 ga Agusta

An gama dakali da rumfarsa, tsayin zama santimita 45, yana kallon get a karkace. Inna ta zauna ta ce, "Ɗan nan, ai ka sa ni ina kallon mota." Gaskiyarta. Na auna komai ban zauna a wurin na duba abin da ido zai faɗa a kai ba. Dakali ba ya matsuwa, sai dai a tare motar. Zan kafa ragar katako mai tsayin mita ɗaya da rabi a gefen wurin motar in sa mai yaɗo marar ƙaya ta hau.

Boganbiliya sai ganye take yi, babu launi. Na ciro tulunanta. Ita sai ta ɗan ji ƙishi take yin ado, kuma abin da muke kira furenta ma ganye ne mai launi, furen gaskiya ɗan fari ne ƙarami a tsakiya. Sai ruwa ya ja baya za a gani.

6 ga Satumba

Fitilu uku masu cajin rana, gajeru, biyu a hanya ɗaya a matakala, masu haske ruwan ɗorawa. Na fara gwada farare ƙal, suka mai da wurin kamar harabar asibiti, ga ƙwari. Ta matakala ba ta samun rana sosai saboda inuwar rufi, kafin sha biyun dare ta mutu. Sai dai a ja mata waya.

Jema ta kai gwiwa, ta haɗe ta zama layi ɗaya. Lalle biyu sun mutu cikin goma sha huɗu, na sa reshe a gurbinsu. Fentin falo bai kumbura ba bana, amma sai na ga ƙarshen damina kafin in kira mai fenti. Wani sabon sawu ya fito: yara na yankewa daga matakala zuwa famfon tanki ta cikin alobera, sun karya biyu. Akwai ragowar intalok tara a bayan gida. Gobe zan auna takun ƙaramarsu in jera su a kan sawun, in matsar da alobera gefe.